Suna Linzami: Wai Ni Ɗan Ina Ne?

  Yau wata magana na kawo mana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san ba ni kaɗai take damu ba, domin kuwa duk wanda aka haifa a zango ko a Sabo ya taɓa shan wannan tambaya: kai ɗan ina ne? Ni ba malamin tarihi ba ne, iyakata sakandare, sauran karatun a bakin rumfar goron Baba na yi shi. To amma abin da ya same ni ya sa na shiga tambayar dattawa da bincike daidai gwargwado, shi ne na ga ya dace in rubuta abin da na tsinta. In an ga kuskure a gyara mini.

Yadda abin ya faro

A shekarar 2019, bayan na gama sakandare, aka buɗe ɗaukar aikin gwamnati, na ce bari in gwada sa'ata. Cikin takardun da ake nema akwai takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira takardar indijin. Ban ɗauki abin da wata wahala ba. A Badun aka haife ni, a nan aka haifi Baba, kakana ma a nan aka yanke masa cibiya. Na shirya na tafi ofishin da ake bayarwa. Ma'aikacin ya yi mini magana da Yarbanci, na mayar masa da irin Yarbancin Badun tsantsa, har muka yi raha. Da ya duba sunana sai fara'ar ta ragu. Ya tambaye ni sunan gidanmu na gado a cikin gari, na ce Sabo. Ya ce Sabo ai unguwar baƙi ce, in tafi garinmu a ba ni.

Na koma gida na faɗa wa Baba. Bai yi mamaki ba ko kaɗan, ya ce shi ma haka aka yi masa a zamaninsa. Ya ba ni kuɗin mota da ƙwarya biyu ta goro, ya kwatanta mini wani ƙauye kudu da birnin Kano inda kakan-kakanmu ya fito. Ranar da na sauka a ƙauyen ita ce rana ta farko da ƙafata ta taka shi. Ina buɗe baki na yi gaisuwa yara suka fara dariya, kafin la'asar sunana ya koma "Bayarabe". Mai unguwa ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce sai an samu wanda ya san gidanmu. Allah ya sa akwai wani tsoho da ke da dangantaka da kakana, shi ya tsaya mini. Kwana huɗu na yi. Kafin takardar ta fito an rufe ɗaukar aikin.

Yanzu haka takardar tana cikin akwatina. Ta ce ni ɗan asalin garin da na kwana huɗu a cikinsa ne, garin da na yi shekara ashirin da wani abu a cikinsa kuwa ya ce ni baƙo ne. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da tsohon nan ya yi mini daren da zan taho. Ina ta ƙorafi ina cewa ni Bahaushe ne gaba da baya, don me za a ce mini Bayarabe, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaro, kai da kake ta bugun ƙirji da Hausa, Babanka bai faɗa maka mu Agalawa ba ne? Je ka tambaya daga ina Agalawa suka fito."

Fataken da suka zama Hausawa

Da na dawo na tambaya, kuma abin da na ji ya ba ni mamaki. A ƙarni na 19, lokacin da fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja yake tashe, rukuni uku ne suka fi riƙe da harkar: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Wani masanin tarihi mai suna Paul Lovejoy, wanda ya zauna da tsofaffin fatake ya ɗauki bayanansu, ya fitar da littafi a kan wannan fatauci a 1980. Abin da ya nuna shi ne, Agalawa da Tokarawa asalinsu daga arewa suke, daga cikin talakawa da barorin Abzinawa, wato irin waɗanda muke kira Buzaye. Sun gangaro sun zauna a ƙauyukan Kano da Katsina, suka kama noma da fatauci, suka bar harshensu na da suka ɗauki Hausa. Kambarin Barebari kuwa, kamar yadda sunan ya nuna, tushensu Barno ne, suka yi cibiya a Gummi ta ƙasar Zamfara.

Waɗannan mutane su ne suke haɗa ayari na jakuna, da madugu a gaba, su ɗauki kanwa da tufafi da fatu su yi wata da watanni a hanya har Salaga, su sayo goro su dawo. Duk inda suka yada zango mutanen wurin ba su san wani Ba'agale ko Batokare ba, abin da suka sani Hausawa sun zo. Cikinsu ne aka samu Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955. Ya yi fataucin goro a ƙasar da yau ake kira Gana kafin ya shiga cinikin gyaɗa, har ya zama attajirin da ake misali da shi a Afirka ta Yamma. Yau wa zai buɗe baki ya ce gidan Ɗantata ba Hausawa ba ne? Babu. To amma in da ana bin ƙa'idar takardar indijin tun wancan zamani, da kakanninsu ma baƙi za a kira su.

In mai karatu ya leƙa birnin Kano kansa zai ga sunayen unguwanni suna ba da wannan labari. Akwai Zangon Barebari, akwai Tudun Nufawa, akwai Agadasawa, akwai Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamus suka zauna, akwai kuma Ayagi wadda fataken Yarabawa suka kafa. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Jikokin duk waɗannan yau Kanawa ne, Hausa suke yi, ba wanda yake tura su wani gari karɓo takarda. Wato dai Hausa tun asali gida ne mai faɗin zaure, mutum yana shigowa ta harshe da addini da sana'a da zama, bayan jika ɗaya ko biyu a manta ta ƙofar da ya shigo.

Daga Gwanja zuwa Kurmi

Abin da ya juyo da kakanninmu kudu abu biyu ne: jirgin ƙasa da gonakin goro. Layin dogo daga Ikko ya iso Badun a 1901, ya isa Kano a 1911. A daidai wannan lokaci manoman Yarabawa a Agege da Ota da Shagamu suka fara shuka irin goron Gwanja da yawa. Sai ya zama ba sai an yi wata uku a bayan jaki ba, mutum zai sayi goro a Kurmi, ya ɗaure huhu, ya sa a jirgi, cikin 'yan kwanaki yana Kano. Shanu kuma su gangaro daga arewa zuwa mahautan Badun da Ikko.

Da farko Hausawan Badun a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarabawa, kusa da kasuwa. A 1916 ne hukuma ta ware musu fili aka kafa Sabo, aka tattara su a ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Ka ga ke nan, ba mu muka fara zana wa kanmu iyaka ba. Turawan mulkin mallaka suna son kowane mutum ya kasance ƙarƙashin wani sarki na "ƙabilarsa" don sauƙin karɓar haraji da sa ido. Irin wannan tunani ne ya haifar da Sabon Garin Kano wajen 1913, inda aka ware mutanen kudu daga cikin birni. Sabonmu da Sabon Garinsu tagwaye ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kakan Baba ya zo Sabo yana saurayi, yaron wani maigida ne mai saukar fatake. Aikinsa tsince goro da shafa masa ruwa da canja ganye. Daga nan ya zama dillali, ya yi aure, ya kafa rumfarsa. Matarsa ta biyu, wadda ta haifi kakana, Bayarabiya ce. A gidanmu ba a cika faɗin wannan ba, sai da na matsa wa Gwaggo da tambaya ta faɗa mini. Ashe yaran ƙauyen nan da suka ce mini Bayarabe ba su yi ƙarya duka ba.

Yadda Sabo ta ƙera Bahaushenta

Akwai wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, da ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. A lokacin mutanen unguwar ba su fi dubu huɗu da 'yan kai ba. Tambayar da ya yi ita ce, me ya sa Hausawan Sabo suka fi riƙe Hausancinsu da ƙarfi, alhali suna tsakiyar babban birnin Yarabawa? Amsar da ya bayar duk ɗan kasuwa zai gane ta.

Saniya in ta shigo Kurmi ba ta daɗewa, saboda ƙudan tsando, dole a sayar da ita da wuri. Mahauta kuma ba su da kuɗi a hannu, sai bashi. Goro shi ma ba ya jira, in aka yi sakaci ya lalace. Ba banki, ba inshora, ba takardar yarjejeniya. To mutumin da ya kora shanu tun daga Barno ko Sakkwato, wa zai damƙa wa dukiyarsa? Sai maigida a Sabo, wanda zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in mahauci ya ƙi biya. Duk wannan ya ginu a kan amana, amana kuwa tana buƙatar a san wane ne namu, wa za a iya kai ƙararsa gaban Sarki, wa zai ji kunya in an yi da shi a masallaci. Nan ne sunan "Bahaushe" ya zama jari. Wanda ya iya Hausa, yake salla, ya iya faɗin garin da ya fito a arewa, ya bi dokar unguwa, an karɓe shi. Babarbare da Banufe da Bafillace da Buzu da yawa ta wannan ƙofa suka shigo, 'ya'yansu suka tashi Hausawan Sabo.

A farkon shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta shigo, ikon da Turawa suka ba Sarkin Sabo ya fara raguwa, sai mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya da yawansu, suka daina zuwa babban masallacin gari suka tsayar da Juma'arsu. Cohen ya fassara wannan da cewa wata hanya ce ta sake ɗaure tsintsiyar bayan igiyar hukuma ta saki. Dattawanmu ba za su yarda cewa kasuwa ce kaɗai ta kai su ɗariƙa ba, kuma ni ma ina ganin Baturen ya rage wa imani nauyinsa. Amma a kan abu ɗaya na yarda da shi: Hausancin Sabo a Sabo aka gina shi, don buƙatun zaman Sabo. Shi ya sa da na je ƙauyen kakanni na ga ni da su ba mu zama ɗaya ba.

Sunayen da ake kiranmu, da waɗanda muke kiran wasu

Bayarabe yana ce mana Gambari, ko Mola. A Ikko da Fatakwal kuwa kowa "Aboki" ne. Kalma ce mai daɗi a bakinmu, amma kowa ya san yadda take fita a bakin wasu, har ta koma nufin wanda bai waye ba. Kuma wa ake kira Abokin? Mai gadi daga Tawa, mai shayi daga Damagaram, mai babur daga Gwoza, mai yankan farce daga Chadi, har da Kirista daga kudancin Kaduna ko Adamawa wanda in ka ce masa Bahaushe a garinsu sai ya ɓata rai. Duk an zuba mu a buhu ɗaya.

Wannan ma ba yau aka fara ba. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya tara wasu 'yan arewa a Ikko, akasarinsu bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga wannan runduna sojan Najeriya yake ƙirga tarihinsa. Turawa sun ɗauka cewa Bahaushe jarumi ne ta halitta, sai suka riƙa neman "Hausawa" don aikin soja, wanda duk ya iya Hausa kuma ya zo neman aiki a rubuta shi Bahaushe. Haka kalmar "Hausa-Fulani" ta zo daga baya ta bakin 'yan siyasa da 'yan jarida, har ta zama kamar sunan ƙabila guda, alhali Bafillacen da ke kiwo a daji da Bamagujen da ke noma a ƙauyen Kano kowannensu zai ce ba shi ake nufi ba.

To amma laifi tudu ne. Mu ma haka muke yi. Duk wanda ya fito daga gabas mun ce masa Inyamuri, ko Ibibiyo ne ko Ijo, sunan da aka ce ya samo asali daga yadda suke roƙon ruwan sha da harshensu. Kalmar da muke jifan wanda ba Musulmi ba da ita kowa ya san ta, ba sai na rubuta ba. Wani abin sha'awa kuma, sunan "Yoruba" kansa masana da yawa suna ganin ta hannun mutanen arewa ya yaɗu. Ya fito a rubutun Ahmad Baba na Tambutu a farkon ƙarni na 17, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace shi, kuma mutanen Oyo ake nufi da shi a da. Mutumin Ijebu ko Ekiti ko Egba da sunan ƙasarsa yake kiran kansa. Sai a ƙarni na 19, da 'yan mishan irin su Samuel Ajayi Crowther, wanda ya buga ƙamus ɗin harshen a 1843, suka daidaita rubutu, sunan ya game kowa. Ashe maƙwabcin da yake ce mini baƙo, sunan da yake alfahari da shi ma yana da ranar da aka raɗa masa.

Ranar da suna ya hau takarda

Muddin suna yana baki, ana iya sassauta shi. Mutum ya auri 'yar gari, ya daɗe, a manta. Matsala ta tsananta ne da suna ya hau takardar gwamnati. Tsarin mulkin 1979 ya kawo tsarin rabon muƙamai tsakanin jihohi, da kyakkyawar niyya, don kada wani yanki ya danne wani bayan abin da ƙasa ta gani a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Tsarin mulkin 1999 ya ci gaba da shi. Sashe na 147 ya ce a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko wurin asali. To amma ba a fayyace shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin ya zama ɗan asali ba, sai aka bar wa ƙananan hukumomi su yanke. Sakamakon shi ne gurbin makaranta da tallafin karatu da aikin gwamnati duk suka rataya a kan garin kakan da wataƙila ba ka taɓa gani ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan wannan matsala a 2006. Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai abin yake ci: yaron Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda Hausarsa ta fi tawa, shi ma gabas ake tura shi.

Tarihi ya nuna inda wannan hanya take kaiwa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Yarabawa da Hausawa da yawa da aka haifa a zangunan Kumasi da Ankara suka bar gidajensu. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora, 'yan Gana suka fi shan wahalarta. A 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno, aka kai shi Chadi aka ajiye da sunan wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta tabbatar masa da haƙƙinsa. In ɗan majalisa bai tsira ba, ina ga ɗan mai goro? A Jos kuwa, gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, musamman bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, tana cikin abin da ya kai ga zubar da jinin 2001 da na bayansa. Abin lura, ƙidayar 1991 da ta 2006 duk ba su tambayi ƙabila ko addini ba, saboda gwamnati ta san wutar da ke ciki. Amma fom ɗin neman aiki har gobe yana tambaya.

Ranar da suna ya zama hukunci

Mu mazauna Kurmi ba sai an ba mu labari ba. Shagamu a watan Yulin 1999, da ramuwar da ta biyo baya a Kano a kan Yarabawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kasuwar Mile 12 a ƙarshen wannan shekarar. Idi-Araba a watan Fabrairun 2002. Waɗannan ni labarinsu na ji. Wadda na gani da idona ita ce ta kasuwar Shasha a nan Badun, a watan Fabrairun 2021, inda saɓani tsakanin mutum biyu ya koma faɗan ƙabila, aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje.

Yayana yana sayar da albasa a can. A ranar ba wanda ya tambaye shi ko kakarsa Bayarabiya ce, ko shi Ba'agale ne, ko a Badun aka haife shi. Rigarsa da hularsa sun riga sun ba da amsa. Wadda ta ɓoye shi a ɗakinta har gari ya waye wata dattijuwa ce Bayarabiya mai sayar da barkono, wadda suka yi shekaru suna maƙwabtaka a kasuwa, muna ce mata Mama. Ita ma ba ta tambaye shi asalinsa ba, ta san shi ne kawai. Na kuma ji an yi irin haka ta ɗaya ɓangaren, inda namu suka kare nasu.

Bayan kwana biyu motoci suka fara ɗaukar mutane zuwa arewa. Wasu 'yan uwa suka bugo waya suna cewa Baba ya tattaro iyali ya dawo gida. Ina zaune kusa da shi ya ce, "Wane gidan? Ubana yana kwance a nan, kakana yana kwance a nan. In na tafi wa zai riƙa kai musu ziyara?" Bai ƙara cewa komai ba, ya tashi ya tafi buɗe rumfa.

Abin da na fahimta

Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma gaskiya ne, amma linzami a hannun wanda ya riƙe shi yake aiki. Ba zan ce suna banza ne ba. Sunan Bahaushe shi ya ba kakan Baba masauki ranar da ya sauka daga jirgi ba shi da ko anini, shi ya sa aka ba shi goro bashi, shi ya sa aka yi masa sutura da ya rasu. Har gobe in baƙo ya sauka a Sabo da dare ya yi sallama da Hausa ba zai kwana a titi ba. Ina son wannan suna, ba kuma zan sauke shi don wani ya ji daɗi ba.

Sai dai na daina yarda cewa ya gama faɗin ko ni wane ne. Cikin shekara ɗari biyu gidanmu ya amsa sunan Buzu, ya amsa Ba'agale, ya amsa Bakano, ya amsa Gambari, ya amsa ɗan Sabo, yau kuma jikansu ya je Kano an ce masa Bayarabe. Kowane suna akwai gaskiya a cikinsa, kuma kowanne wani ne ya raɗa shi don wata buƙata tasa: mai karɓar haraji, ko mai ɗaukar soja, ko maigidan fatake, ko ɗan siyasa. Ni da nake mafarki da Hausa, nake ciniki da Yarbanci, nake cin amala da rana tuwo da dare, ban ga akwatin da zai ɗauke ni duka a fom ɗin gwamnati ba.

Don haka ina da roƙo uku ga 'yan uwana matasa. Na farko, mu zauna da tsofaffinmu tun suna raye mu rubuta tarihin gidajenmu, da shekarar zuwa, da takardun haraji da na fili in akwai, domin wanda zai ce maka baƙo ba ya jin kunyar baki amma yana jin kunyar takarda. Na biyu, mu yi rajistar zaɓe a inda muke zaune, mu sa ƙannenmu a makaranta, mu kuma goyi bayan duk wani gyaran doka da zai ba mutum haƙƙi a inda aka haife shi ko ya daɗe yana biyan haraji, ko da kuwa gyaran zai amfani ɗan Ibo a Kano kamar yadda zai amfane mu a Badun. In ba mu yarda da nasa ba, ba mu da bakin neman namu. Na uku, mu rage jifan mutane da sunayen da mu ba ma son a jefe mu da irinsu.

Matata tana da ciki, in Allah ya sauke ta lafiya ɗan zai zama na huɗu a jerin waɗanda aka haifa a Sabo a gidanmu. Na san wata rana zai zo mini da fom a hannu ya ce, "Baba, me zan rubuta a nan?" Ina fata kafin lokacin an gyara dokar. In ba a gyara ba, zan ba shi kuɗin mota da ƙwarya biyu ta goro kamar yadda aka ba ni, amma kafin ya tafi zan zaunar da shi in ba shi wannan labari tun daga Abzin, in kuma kai shi ya gaida Mama mai barkono in tana raye.

Wanda yake da tarihin zangonsu ko na gidansu, don Allah ya rubuta, mu ƙaru da juna. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a Kurmi da waɗanda ke kwance a arewa.